A Nemo Mini Shafin Da Aka Rubuta Sakina

Zuwa ga Mai Girma Alƙalin Kotun Shari'ar Musulunci ta ƙaramar hukumarmu, ta hannun Magatakardan kotun.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman afuwa da na ɗauko magana irin wannan na shimfiɗa ta a bainar jama'a. Ba tarbiyyar da aka yi mini ke nan ba. Sau biyu ina aiko maka da wasiƙa a rufe ta hannun ƙanena Ɗanlami. An karɓa, an ce za a ajiye a kan teburinka, amma har yau ko "mun gani" ban samu ba. Wataƙila ba su iso gare ka ba. Shi ya sa na rubuta wannan inda kowa zai gani, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba zan ambaci sunan garinmu ba, ba na son in kunyata ƙasar da iyayena ke kwance a cikinta. Kun san kanku, kuma za a kawo maka kwafi hannu da hannu.

Sunana Rabi'atu Isiyaku. Shekaruna hamsin da bakwai, talatin da huɗu daga ciki a nan Jidda na yi su. Ina da 'ya'ya huɗu da jikoki biyar. Abin da nake nema a wurinku bai wuce shafi ɗaya ba, shafin da kotunku ta rubuta cewa mijina na farko ya sake ni. Wata goma sha huɗu ke nan ina nemansa.

Na ɗaya: yadda aka yi sakin.

Ina da shekara ashirin na auri wani direban babbar mota, sunansa Garba. Ni na so shi, ba wanda ya matsa mini. Ba mu cika shekara ba ya ɗauki lodin albasa ya yi Kudu, ya zauna can. Shekara biyu da wata huɗu ba ci, ba sutura, ba ko saƙon gaisuwa. Ina zaune a gidan iyayensa ina dakau da surfe ina ciyar da kaina. Direbobi 'yan uwansa suna zuwa suna ce mini yana nan lafiya ƙalau, sun ci abinci tare. Da ya mutu ne da na san matsayina. Amma yana raye, ni kuwa ga ni nan a rataye, ba matar aure ba, ba bazawara ba.

Mahaifina, Malam Isiyaku, mutum ne da ke ganin zuwa gaban alƙali abin kunya ne. Sai da ya aika wa iyayen Garba sau uku, suna cewa a ƙara haƙuri. Ranar da ya ga na zo gida da zane mai faci biyu, ya dube ni ya ce, "Gobe ki shirya, ni zan raka ki."

A lokacin ana ce da kotunku kotun yanki. Ɗaki biyu ce, da benci a gindin darbejiya inda mata ke jiran a kira su. Da bakina na shigar da ƙara, muhuti, wato marubucin kotu, yana rubutawa. Aka aika wa Garba sammaci bai zo ba. Aka sake aikawa bai zo ba. A na uku ya zo, shi da yayansa, ranar wata Talata, mako biyu bayan Babbar Sallah. Alƙalin wannan zamani wani dogon dattijo ne mai ɗingishi. Ya saurare ni, ya saurare shi, sannan ya ce ko dai ya riƙe ni da alheri ko ya sallame ni da alheri. Garba bai ko dube ni ba, ya ce, "Na sawwaƙe mata, saki ɗaya."

Mahaifina da limamin unguwarmu su ne shaidu. Muhuti ya rubuta a wani babban littafi mai baƙin bango. Garba ya sa hannu, ni kuma aka shafa wa babban yatsana tawada mai ruwan shuni na dangwala. Aka ba ni takarda mai hatimin kotu. Na yi iddata a ɗakin mahaifiyata har ta cika, bai mayar da ni ba, bai ma tako ƙofar gidanmu ba.

Allah ya gafarta Malam, na faɗi wannan dalla-dalla ne domin ka san ban gudu daga aure ba. Ta ƙofa na fita, ƙofar da shari'a ta buɗe mini, kuma kotunku ce ta buɗe ta.

Na biyu: yadda takardar ta ɓata.

A aikin hajjin da ya biyo baya na taho tare da goggona, wadda ta daɗe tana sayar da abinci a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Na zauna ina taya ta. A nan na haɗu da Malam Haruna, tela ne mai ɗinkin jallabiya a wani ɗan shago a cikin lungunan kasuwa. A Jidda aka haife shi. Kakanninsa da ƙafa suka taho daga ƙasar Hausa neman sauke farali, suka zauna. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa tambayata abin da ya raba ni da mijina na farko ba. Amma malamin da ya ɗaura mana aure a unguwar Bani Malik, inda muka zauna, ya tambaya. Na kawo masa takardarku, ya sa aka karanta masa, ya duba hatimin, ya ƙirga watanni, sannan ya ɗaura. A takardar auren da ya rubuta da hannunsa ya sa a gaban sunana cewa ni sakakkiya ce da ta gama idda.

Shekara talatin da ɗaya muka yi da Malam Haruna. Ban taɓa yin yaji ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ita kuwa takardar sakin tana cikin wani akwatin ƙarfe da na taho da shi daga gida, tare da wasiƙun mahaifina da hoton mahaifiyata guda ɗaya tak da nake da shi.

Da rusau ɗin da hukuma ta yi wa tsofaffin unguwannin Jidda ya iso ɓangarenmu na Bani Malik, kwanaki kaɗan muka samu mu kwashe. A lokacin ciwon ƙoda ya riga ya kama Malam Haruna, ko tsayuwa ba ya iya daɗewa. Maƙwabta kowa na ta kansa, titi ya cika da katifu da firji da kwalaye. Muka loda kayanmu a ƙananan motoci uku zuwa gidan hayar da muka samu a unguwar Aziziyya. Da muka sauke muka ƙirga, akwatin ƙarfen ba ya nan. Ko an bar shi a bakin titi, ko ya tafi da kayan wasu, Allah masani. Babban ɗana Abdul'aziz ya koma washegari, ya tarar da gidan ya zama tudun ƙasa.

Na yi kuka a ranar, amma hoton mahaifiyata na yi wa kuka. Takardar ko a raina. Wa zai tambayi tsohuwa mai jikoki takardar saki?

Na uku: wanda ya tambaya.

Malam Haruna ya rasu a watan Safar, shekara biyu ke nan ba kaɗan. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Bayan na fita takaba, Abdul'aziz ya ce a gyara takardu. Iƙamata, wato takardar izinin zama, tana ƙarƙashin wani kafili, wato mai tsaya wa baƙo a wurin hukuma, mai shagon ɗinki da nake yi wa aikin hannu, shi kuma ya rufe shagon. Ɗana yana so ya mayar da ni ƙarƙashinsa, kuma ana bukatar takardar da ke nuna magadan mamaci. Duka biyun sai kotun nan ta Jidda ta tabbatar da aurena da mahaifinsu, domin takardarmu ta hannu ce, malamin da ya rubuta ta kuma ya daɗe da rasuwa.

Ba ni da ƙorafi a kan alƙalin nan. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka ba ni kujera. Ya karanta takardar auren, ya tsaya a kan kalmar nan "sakakkiya". Ya ce tunda takardar da kanta ta ce akwai miji kafin wannan, yana bukatar ya ga shaidar rabuwa daga kotun da ta raba, da hatiminta. Ya ce, "Abu ne mai sauƙi, ya Hajja, ki aika ƙasarku su ba ki kwafi." Ni ma a ranar na ɗauka mai sauƙi ne. Sau uku ke nan yana ɗaga mana zama.

Za ka ce me ya hana ni zuwa da kaina. Iƙamata ta ƙare a cikin wannan jira. Idan na fita a haka, ba lalle in samu dawowa ba, ga 'ya'yana da jikokina duk a nan, ga kabarin mijina. Ko asibiti yanzu sai da dabara nake zuwa karɓar maganin sukari.

Za ka ce ina shaidu. Garba ya rasu shekara tara da suka wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yayansa ya rasu. Mahaifina ya rasu, liman ya rasu, alƙalin ya rasu. Duk wanda ya tsaya a matsayin shaida a ranar yana ƙarƙashin ƙasa. Littafinku kaɗai ya rage.

Na huɗu: abin da ƙanena ya tarar a kotunku.

Ɗanlami manomi ne, shekarunsa hamsin da biyu, yana zaune a ƙauyenmu. Duk zuwan da zai yi sai ya bar gona ya hau babur ya yi tafiyar fiye da awa ɗaya. Sau bakwai ya zo.

Zuwan farko, a watan Rajab na bara, aka ce ya kawo lambar shari'a. Lambar tana jikin takardar da ta ɓata. Da ina da takardar, me zai kawo shi?

Zuwa na biyu ya kawo sunana da na Garba da na shaidu, da shekarar, da watan, har da ranar mako. Aka ce mai riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya ya tafi hutu da mabuɗin a aljihunsa.

Zuwa na uku aka ce ai tun da aka raba ƙaramar hukumar gida biyu, littattafan gundumarmu an kwashe su zuwa sabuwar kotu. Ya ɗauki hanya ya je can. Suka ce ko fallen takarda ɗaya ba a taɓa kawo musu ba, ya koma inda ya fito. Ya roƙe su su rubuta masa haka, suka ce ba aikinsu ba ne.

Na huɗu da na biyar ya zauna daga hantsi har la'asar. Ran nan aka ce kana zaman shari'a, ran nan aka ce kun tafi taro a babban birnin jiha.

A zuwa na shida aka buɗe ɗakin. Ɗanlami ya kira ni a waya ta hoto daga bakin ƙofa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani. Kwanon rufi ya ɗage ta kusurwa ɗaya, ana hango sama. Bango ya yi baƙi da ruwan damina. Fayil-fayil an cusa su a buhunan taki an jingine. Manyan littattafai a zube a ƙasa, wasu sun kumbura sun manne da juna, gara ta yi gini ta hau kansu har ta kai rabin bango. Ma'aikacin da ya buɗe ya ce, "Ka dai gani da idonka. Wa zai shiga nan?" Ɗanlami ya ce shi zai shiga. Aka ce doka ba ta yarda wanda ba ma'aikaci ba ya taɓa littafin kotu. Ya ce to a sa ma'aikaci. Aka ce ba wanda aka ɗora wa wannan aiki. Aka ja ƙofa aka kulle.

Allah ya gafarta Malam, na daɗe zaune da wayar a hannuna bayan ya kashe. A cikin tarkacen nan akwai auren mutane da sakinsu, da gadonsu, da iyakokin gonakinsu. Akwai yatsana.

Na biyar: shawara biyu da aka ba shi, kuma su ne suka sa na rubuta wannan wasiƙa.

A zuwa na bakwai wani daga cikin ma'aikatanku, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya ce hanya mafi sauri ita ce in wakilta Ɗanlami ya shigar da sabuwar ƙarar neman raba aure tsakanina da Garba, a kira, a ga bai zo ba, a raba, a ba ni takarda. Ɗanlami ya ce mutumin ya rasu. Ya ce ai ba sai an faɗa ba.

Ina roƙonka ka tsaya ka auna wannan magana da iliminka. In nemi saki yau daga mamaci. Ma'anarsa in tsaya a gaban shari'a in ce har jiya ni matar Garba ce. To shekara talatin da ɗayan da na yi a ɗakin Malam Haruna mene ne sunanta? 'Ya'yana huɗu su wane ne? Mutumin da ya ba da shawarar nan wataƙila taimako yake nufi, amma da ya zage ni ta uwa ta uba da ya fi mini sauƙi.

Da Ɗanlami ya ƙi, wani ya bi shi har inda ya ajiye babur, ya ce idan za a ba da na goro, akwai tsofaffin takardu da tsohon hatimi, za a rubuta a sa kwanan watan da nake so, ba mai ganewa. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kwana uku ina juya maganar. Abdul'aziz ya ce, "Ummi, ai ba ƙarya za a rubuta ba, abin da ya faru ne." Haka ne. Amma hannun da zai sa ba na alƙalin ba ne, yatsan da za a dangwala ba nawa ba ne. Zan ɗauki wannan in kai gaban alƙali in rantse a kai? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Idan ta tonu, gaskiyar tawa ma ta mutu tare da ita, har abada ba mai sake yarda da ni. Na ce wa Ɗanlami ya ce mun gode.

Na shida: abin da jiran nan ya ci.

Da iƙama ce kawai da na yi shiru. Amma magana ba ta zama wuri ɗaya. Mu Hausawan Jidda, duk yawanmu, tsintsiya ɗaya ce, abin da aka faɗa a Balad da safe kafin azahar ya kai Aziziyya. Aka ji ana nemana da takardar saki na kasa kawowa. Sai wata 'yar garinmu da ta zo umra ta zauna a wani gidan suna ta ce, "Mu dai mun wayi gari aka ce Rabi ta tafi Makka. Saki kuwa, ban ce ba a yi ba, amma ni ban ji ba." Ban san ko da mugunta ta faɗa ba. Yarinya ce ƙarama a lokacin, ba abin da za ta sani. Amma ta faɗa, kuma an ji.

Autata Nawal shekarunta ashirin da huɗu, tana aikin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Akwai yaron da ke nemanta, Usman, ɗan gidan Hausawan Sudan ne, mutanen kirki. Mahaifinta da bakinsa ya ba su ita kafin ya kwanta ciwon ajali. An kawo zobe da sarƙa na baiko, an ce da na fita takaba za a sa rana.

Mahaifiyar Usman ta zo gidana wata ranar Alhamis. Na dafa shayi, ta sha, muka yi hirar duniya. Da za ta tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, wallahi ni ban yarda da abin da ake faɗa ba. Amma kin san dangin mahaifinsa. A ɗan dakata har takardar ta zo, bakin kowa ya mutu." Na ce ba komai, nan da wata ɗaya za ta zo. Haka na faɗa, domin a lokacin ban san kotunku ba.

Wata tara suka jira. Ban ga laifinsu ba. A watan da ya wuce suka aiko wata dattijuwa ta ce Allah bai yi ba. Nawal da kanta ta ɗauko akwatin zoben ta miƙa mata, ba ta yi kuka a gabanta ba.

Amma ba wannan ne ya fi yi mini ciwo ba. Kwana biyu bayan haka, da la'asar, ina kicin ina yanka kuɓewa, ta dawo daga aiki ko abaya ba ta cire ba, ta tsaya a bakin ƙofa. Yaran da aka haifa a nan sun fi jin Hausa a kan su yi ta, da Larabci take yi mini magana kullum. Ranar nan da Hausa ta yi, tana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kamar tana so ta tabbata na fahimta. Ta ce, "Ummi, ki faɗa mini gaskiya, wallahi ba zan yi fushi ba. An sake ki kafin Abuya?"

Abuya, haka suke kiran mahaifinsu. Na ajiye wuƙar. Na rantse mata da Allah, na ba ta labarin darbejiya da benci da alƙali mai ɗingishi, abin da ban taɓa gaya wa ɗayansu ba. Ta ce, "Halas, shi ke nan, Ummi, na yarda." Ta sumbaci goshina ta shiga ɗaki. Na san ta yarda. Amma ta tambaya. 'Yar da na haifa, na goya, ta kwana da wannan tambaya a ranta ban san dare nawa ba kafin ta iya furta ta. Abdul'aziz kuwa ya daina zuwa zaman da abokan mahaifinsa ke yi bayan sallar Juma'a, ya ce kallon da ake yi masa ya canza. Ban sani ba ko ya canza ɗin, ko shi ne yake gani haka. Duk ɗaya ne.

Wani lokaci nakan gode wa Allah da ya ɗauke Malam Haruna kafin wannan rana. Mutumin da ko bashin gaisuwa ba ya kwana da shi, a ce ana taunar aurensa a gidajen suna.

Allah ya gafarta Malam, ga abin da nake roƙo.

Na farko, ka ba da umarni a buɗe ɗakin ajiyar nan a nemi littafin shekarar. Ba a rasa inda za a fara ba. Ɗanlami ya gano muhutin wancan zamani yana raye, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, amma hankalinsa na nan. Bai tuna ni ba, kuma bai yi ƙaryar ya tuna ba. Abin da ya ce shi ne, "Duk abin da ya wuce ta gabana na rubuta shi. Littattafan shekarun nan masu baƙin bango ne, a kantar hagu muka jera su, daga ƙasa zuwa sama." Idan ba ku da ma'aikacin da zai shiga, ku bar ƙanena ya shiga, ma'aikacinku ya zauna a kujera a bakin ƙofa yana kallonsa.

Na biyu, idan an samu shafin, a ba ni kwafinsa da hatimin kotu da sa hannunka. Ko gara ta ci rabi, a ba ni rabin da ta bari. Kuɗin da doka ta yanka na kwafi za mu biya, a ba mu rasit.

Na uku, idan an duba da gaske ba a samu ba, to ku rubuta haka. Ku ce littafin shekara kaza ya lalace a hannunmu. Ba abin kunya ba ne kamar yin shiru. Sannan ka zauna ka saurari tsofaffin unguwarmu da suka ga na yi idda a gidan mahaifina, akwai mata biyu da namiji ɗaya da suka rage. Malamai a nan sun gaya mini shari'a tana da hanyar karɓar shaidar abin da ya shahara a gari idan lokaci ya yi nisa. Kai ne masani, ni ban sani ba. Amma ka hanzarta, domin ƙaraminsu ya haura saba'in.

Na huɗu, ban nemi a kori kowa ba. Masu iyali ne, ba na so abincin wani ya zube ta dalilina. Amma a ja kunnensu, kada a sake gaya wa wata mata ta nemi saki daga kabari, kada kuma a sake tallar hatimin kotu a wurin ajiye babura.

Na biyar, a gyara rufin nan kafin damina. Ba ni kaɗai ba ce. A nan Jidda kawai na san mata da yawa da suka bar gida da 'yar takarda a ƙullin zane, suna zaune lafiya domin ba a tambaye su ba tukuna. Matan da suka zauna a bencin nan suka haɗiye kunya suka kawo kukansu gaban shari'a maimakon su gudu, sun yi haka ne domin sun yarda abin da aka rubuta ba zai ɓata ba.

Auren Nawal ya riga ya tafi, takarda ba za ta dawo da shi ba, na sani. Ban kuma ce ku kuka aiko matar da ta yi magana a gidan suna ba. Abin da nake so shi ne kafin in bi mijina, 'ya'yana su riƙe shafin nan a hannunsu su karanta da idonsu, kada bayan raina wani ya tsayar da jikana a hanya ya tambaye shi asalinsa.

Ranar Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu, Ɗanlami zai zo karo na takwas. Ya ce zai taho da tsintsiya da tocila da tsumman da zai ɗaure hancinsa, zai zauna a ƙofar ɗakin ajiyar tun kafin a buɗe ofis. Idan ka sauko daga mota ka ga wani mai furfura a zaune a ƙasa da tsintsiya a hannu, ba mai shara ba ne, ƙanena ne. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa a buɗe masa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya dafa maka a kan nauyin da ya ɗora maka. Allah ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya kare 'ya'yanka mata daga tsayawa inda na tsaya. Allah ya jiƙan magabatanmu da naku.

Wassalam.

Taka mai neman adalci,
Rabi'atu Isiyaku,
matar marigayi Malam Haruna tela,
Aziziyya, Jidda.